Hali Zanen Dutse Ne, To Idan Dutsen Ya Fashe Fa?

A filin darasi na wannan fitowar za mu ɗan ajiye lissafi da zanen injiniya, mu leƙa wani fanni da sai a jami'a ake karanta shi, amma ya shafi duk wanda ke da kai a wuyansa. Sunan fannin niyurosaikoloji, wato ilimin da ke nazarin alaƙar ƙwaƙwalwa da hali, musamman yadda halin mutum ke sauyawa idan ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni. Kafin wani ya ce mu ina ruwanmu, bari in faɗa muku abin da ya kai ni.

Ina da wani yaya, ɗan wan mahaifinmu, tela ne. Duk unguwa an san shi da sanyin hali da cika alkawari. Shekara uku da suka wuce yana dawowa daga kasuwa a kan babur, mota ta buge shi, kansa ya daki kwalta. Babu hular kwano. Ya kwana biyu bai san inda kansa yake ba, ya yi mako biyu a asibiti, aka sallamo shi yana tafiya da ƙafarsa, yana magana garau, ya gane kowa. Muka yi ta karɓar barka, muka ce ya warke.

Ba a yi wata biyu ba sai muka ga wani mutum daban. Wanda ko ido ba ya iya haɗawa da surukinsa, sai ga shi yana yi masa wasan banza a cikin jama'a. Ya karɓi ɗinkin Sallah na mutane, ya yanka yadi har kala biyar, bai gama ko ɗaya ba. Kuɗi ba ya kwana a aljihunsa. Abu kaɗan sai ya hau ashar. Abin da ya fi ɗaure mana kai, in manya suka zaunar da shi sai ya ce, "Gaskiya ne Baba, na yi kuskure," har ya jero da bakinsa dalilan da suka sa abin bai dace ba. Gobe kuma ya maimaita. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iska ce, wasu suka ce ya fara shan ƙwaya. Dangin matarsa suka fara maganar ya sauwaƙe mata. Babu wanda ya haɗa abin da faɗuwar da ya yi, tunda ai ya warke.

Wani abokina da muka yi sakandare tare, wanda ke karanta ilimin halayyar ɗan'adam a jami'a, shi na ba labarin. Yana ji ya ce, "Kai, ai labarin Gage kake ba ni. Ku mayar da shi wurin likita." Ya ara mini littattafansa na aji uku. Abin da na fahimta a cikinsu shi ne zan kawo muku.

Me masu wannan fanni ke yi?

Likitan jijiyoyi yana duba ƙwaƙwalwa a matsayin gaɓa, ya nemo inda jini ya toshe ko inda ƙari ya fito. Likitan taɓin hankali yana magance cututtuka irin su tsananin damuwa. Shi kuwa masanin niyurosaikoloji tambayoyi biyu yake yi a kan majinyaci: me ya ɓace, me ya rage? Yana auna magana, da tuna abu, da mayar da hankali, da tsara aiki, da kame kai, ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya gane wane sashe ne ya taɓu, ya kuma faɗa wa iyali abin da mutumin zai iya da wanda zai buƙaci taimako a kansa.

Mutanen sashen lantarki za su gane dabarar nan take. In aka kawo maka rediyo tana kama tasha amma ba sauti, ka san ba eriya za ka taɓa ba. Abin da ya lalace da abin da ya tsira, su ne ke nuna maka inda za ka sa hannu.

Taswirar a taƙaice

Ƙwaƙwalwar baligi tana kai wajen kilo 1.4, tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Nauyinta kusan kashi 2 cikin 100 ne na nauyin jiki, amma tana cinye wajen kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki ke amfani da shi. Taushinta kamar na awara ne, tana zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Ta rabu gida biyu, dama da hagu, kuma kowane ɓari yana sarrafa kishiyar ɓarin jiki. Shi ya sa wanda ɓarin damansa ya shanye, a hagun ƙwaƙwalwa matsalar take.

Kowane ɓari yana da manyan sassa huɗu. Sashen goshi shi ke da tsara aiki, da yanke shawara, da kame kai, da ba gaɓoɓi umarnin motsi. Sashen gefen kunne shi ke da ji, da fahimtar magana, kuma can cikinsa ake ƙulla sabon abin tunawa. Sashen saman kai yana haɗa saƙonnin taɓi da sanin inda abubuwa suke a kewaye da kai. Sashen ƙeya shi ke da gani. Ku riƙe waɗannan huɗun, domin duk labaran da ke tafe a kansu suke.

Darasi na ɗaya: helman da ƙarfe ya ratsa kansa

Ranar 13 ga Satumba, 1848, ana aikin shimfiɗa layin dogo kusa da garin Cavendish a jihar Vermont ta Amurka. Helman ma'aikatan wani saurayi ne ɗan shekara 25, Phineas Gage. Aikinsa shi ne danna albarushi a cikin ramin da aka huda a dutse, da wata sandar ƙarfe mai tsawon mita 1.1 da nauyin kilo 6. Ran nan ƙarfen ya goga dutse, wuta ta tashi, albarushin ya fashe. Sandar ta shiga ta kumatunsa na hagu, ta bi ta bayan ido, ta fita ta saman kansa, ta faɗi can nesa, wajen mita 25.

Bai mutu ba. Cikin 'yan mintuna ya yi magana, aka ɗora shi a amalanken shanu yana zaune har masaukinsa. Likita John Harlow ya yi jinyarsa har ya tashi, sai dai idonsa na hagu ya daina gani. A rahoton da Harlow ya fitar a 1868 ya ce kafin hatsarin, masu kwangilar suna ɗaukar Gage a matsayin helman da ya fi kowa iya aiki. Bayan hatsarin ya koma maras haƙuri, mai yawan ashar, ba ya jin shawara, yana tsara abu yanzu ya watsar anjima. Suka ƙi mayar da shi aikinsa, abokansa kuma suka ce ba mutumin da suka sani ba ne.

Ga darasin. Gage bai manta sunansa ba, bai daina magana ba, ƙafa da hannu lafiya lau. Abin da ya taɓu shi ne birki. Gaban sashen goshi shi ke tsayawa tsakanin sha'awa da aikatawa, shi ke ce maka "dakata, surukinka ne a gabanka." Idan ya samu rauni, mutum zai iya sanin daidai, ya faɗe ta da baki, amma sanin ya kasa riƙe hannunsa a lokacin da ake buƙata. Kun ga yayana kenan. Abin da muke kira kunya, da kawaici, da kara, tarbiyya ce ke gina su, amma akwai naman da aka gina su a kai.

Akwai sauran labarin da malamai da yawa ke tsallakewa. A 1852 Gage ya tafi ƙasar Chile, ya shafe shekaru yana tuƙa keken fasinja mai dawaki shida a hanyar Valparaiso zuwa Santiago. Aiki ne da ke son tashi da asuba, da lissafin kuɗin mota, da haƙuri da fasinja. Masanin da ya bi diddigin tarihinsa, Malcolm Macmillan, ya nuna cewa marubutan baya sun ƙara wa labarin gishiri, kuma alamu na nuna Gage ya samu sauƙi sosai, wataƙila saboda aiki mai tsari da yake maimaitawa kullum. Ya rasu a watan Mayun 1860 bayan farfaɗiya ta kama shi. Ƙoƙon kansa da sandar suna ajiye a makarantar likitanci ta jami'ar Harvard.

Darasi na biyu: magana ba abu ɗaya ba ce

A asibitin Bicêtre da ke gefen birnin Faris na Faransa akwai wani majinyaci, Louis Leborgne, wanda ya shekara 21 a can. Duk abin da ka tambaye shi, amsarsa ɗaya ce: "tan, tan." Har sunan ya bi shi. Amma yana gane abin da ake faɗa masa, yana amsawa da hannu da sauya murya. Da ya rasu a watan Afrilun 1861, likita Paul Broca ya duba ƙwaƙwalwarsa, ya ga rauni a ƙasan sashen goshi na hagu. Ya ci gaba da tara irin waɗannan majinyata, zuwa 1865 ya bayyana cewa da ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa yawancin mutane ke magana.

A 1874 wani matashin likita Bajamushe, Carl Wernicke, ɗan shekara 26, ya kawo akasin haka: majinyata da magana ke zuba a bakinsu kamar famfo amma ba ma'ana, kuma ba sa fahimtar abin da aka ce musu. Nasu raunin yana bayan sashen gefen kunne na hagu.

Bari in kwatanta da Hausa. Ka tambayi na farko me ya same shi, sai ya yi ta fama: "Jiya... kasuwa... babur... ƙasa." Ya san abin da yake son faɗa, takaici ya cika shi. Na biyu kuwa zai yi murmushi ya ce, "To ai na je can ɗin da tabarmar ta yi abin nan, sai ruwan ya karanta mu." Shi a wurinsa ya yi bayani. Irin wannan ne jama'a ke saurin cewa ya haukace, alhali sau da yawa jini ne ya toshe a wuri ɗaya.

Ku lura da hujjar da ke ciki, domin ita ce ƙashin bayan fannin. Rauni a wuri na ɗaya ya ɓata furuci ya bar fahimta. Rauni a wuri na biyu ya ɓata fahimta ya bar furuci. Idan ka samu irin wannan rarrabewa ta fuska biyu, ka samu dalili mai ƙarfi cewa ayyukan biyu ba layi ɗaya suke bi ba.

Darasi na uku: mutumin da gobe ba ta zo masa ba

A 1953, a birnin Hartford na Amurka, an yi wa wani ɗan shekara 27 mai suna Henry Molaison tiyata saboda farfaɗiyar da ta hana shi aiki. Likita William Scoville ya cire wani yanki daga cikin sashen gefen kunne, dama da hagu, har da mafi yawan wani ɗan lanƙwasasshen nama da ake kira hifokamfas. Farfaɗiyar ta ragu. Amma daga ranar, sabon abu ya daina zama a kansa.

Za ka gaisa da shi, ku yi hira mai daɗi, ka fita minti kaɗan ka dawo, sai ya karɓe ka a matsayin baƙo. Basirarsa ba ta ragu ba, yana tuna ƙuruciyarsa. Masaniyar da ta yi nazarinsa, Brenda Milner daga birnin Montreal na Kanada, ta taɓa ba shi lamba 584 ya riƙe. Ya riƙe ta minti 15 ta hanyar juya ta a ransa. Da aka ɗauke masa hankali, lambar ta tafi, har ma ya manta an ba shi wata lamba.

Sai Milner ta ba shi wani aiki: ya bi layin zanen tauraro da fensir, amma yana kallon hannunsa ta madubi kawai. Ku gwada, akwai wuya. Kwana uku yana yi, kurakuransa na raguwa har ya ƙware. Amma duk safiya sai ya ce bai taɓa ganin wannan aikin ba. Hannu ya koya, mai hannun bai sani ba. Daga nan aka gane cewa tunawa kala-kala ce: akwai ta riƙe abu na ɗan lokaci, akwai ta labarai da abubuwan da suka faru, akwai ta ƙwarewar hannu, kuma kowacce da hanyarta. Molaison ya rasu a watan Disambar 2008 yana da shekara 82. Kafin rasuwarsa da harufa biyu kawai duniya ta san shi, H.M., don a kare sirrinsa.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Wanda ya haddace matakan walda a takarda bai iya walda ba, domin ba rumbu ɗaya ake zuba su ba. Duk wanda ke gudun aikin hannu yana cewa zai karanta a littafi, kansa yake cuta. Sannan juya abu a rai daren jarrabawa irin riƙon 584 ne. Kafin karatu ya zauna, sai an maimaita shi a ranaku daban-daban, kuma bincike ya nuna barci na cikin abin da ke taimaka wa hifokamfas ya kafa abin da aka koya. Masu kwanan zaune da shayi, kun dai ji.

Darasi na huɗu: rabin duniya ya ɓace

Wannan ya fi faruwa bayan shanyewar ɓarin jiki da ta taɓa sashen saman kai na dama. Idon majinyacin lafiya lau, amma hankalinsa ba ya zuwa hagu. A ba shi abinci, sai ya cinye na dama a faranti ya ce a ƙaro. A juya farantin, sai ya ga sauran. Zai aske gemunsa ɓari ɗaya. A ce ya zana agogo, sai ya cusa lambobin duka a dama.

A 1978 masana biyu a Italiya, Bisiach da Luzzatti, suka ce wa majinyata biyu su kawo babban dandalin birnin Milan a ransu, kamar suna tsaye suna fuskantar babbar majami'ar da ke wurin, su lissafa gine-ginen da suke gani. Suka lissafo na dama. Aka ce to su juya, kamar suna tsaye a ƙofar majami'ar suna kallon dandalin. Sai suka lissafo waɗanda suka tsallake ɗazu, suka bar na farko. Ashe duk gine-ginen suna nan a kansu, hankali ne ba ya leƙa hagu ko da a cikin tunani.

Wasu daga cikin irin waɗannan majinyata har musu suke yi cewa hannunsu bai shanye ba. Ba taurin kai ba ne. Na'urar da ke ba mutum rahoton halin da jikinsa ke ciki ita ma ta taɓu. Likitan Faransa Joseph Babinski ne ya ba wannan yanayin suna a 1914.

Hattara da abu uku

Na farko, kada ka ɗauka kowane hali yana da akwatinsa shi kaɗai. Koma kan rediyo. In ka cire wani ɗan ƙaramin abu ta fara ƙara, wannan ba ya nufin aikin abin shi ne hana ƙara. Ka dai ɓata da'irar ne. Haka ƙwaƙwalwa, sassanta a haɗe suke aiki. A 2007 an sa ƙwaƙwalwar Leborgne, wadda har yanzu ke ajiye a Faris, a na'urar MRI, aka ga raunin ya yi zurfi fiye da abin da Broca ya gani daga waje, ya taɓa hanyoyin da ke haɗa sassa.

Na biyu, majinyaci ɗaya ba ya zama doka. Mutum biyu masu rauni kusan iri ɗaya za su iya bambanta ƙwarai, gwargwadon shekaru, da ilimi, da kulawar da suka samu.

Na uku, ku bar yarda da abin da ake yaɗawa a WhatsApp cewa kashi 10 cikin 100 na ƙwaƙwalwa kawai muke amfani da shi. Da haka ne, da yawancin raunuka ba su yi wa kowa komai ba. Labaran da ke sama sun isa amsa.

Yadda ake karatun a jami'a

Hanyar da aka saba ita ce digirin farko na shekara huɗu a ilimin halayyar ɗan'adam, wanda ake yi a jami'o'i irin su Jos, da Ibadan, da Nsukka. A nan ake koyon tsarin jijiyoyi, da ƙididdiga, da yadda ake ƙirƙirar gwaji a auna sahihancinsa. Wanda ke gudun lissafi ya san zai tarar da shi a can yana jira. Daga nan sai digiri na biyu a ɓangaren kula da majinyata, tare da horo a asibiti. A Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, da Kware ta jihar Sakkwato, da Maiduguri. Mai sha'awar tsallakawa daga nan, ya duba sharuɗɗan JAMB da na jami'ar da yake so tun da wuri.

Ga gwaji ɗaya da za ku yi a ɗaki yau. John Ridley Stroop ne ya wallafa shi a 1935. Samu biro ja, da baƙi, da shuɗi. Rubuta kalmar "ja" da shuɗin biro, "baƙi" da jan biro, "shuɗi" da baƙin biro, ka cakuɗa su har layi 20. Ka ce wa abokinka ya faɗi launin tawadar, ba kalmar ba, da sauri. Za ka ji yana tuntuɓe. Karatu ya zame masa jiki, sai ya danne shi da ƙarfi kafin ya faɗi launin. Dannewar nan da ya ji, aikin birkin da muka yi magana ne, kuma masu raunin goshi sukan fi shan wuya a kai.

Wannan gwajin ya tono wata matsala. Kakarka da ba ta yi boko ba, ba za ta yi tuntuɓe ba ko kaɗan, tunda kalmar ba ta ce mata komai ba. Yawancin gwaje-gwajen fannin an gina su ne a Turai da Amurka, da Turanci, kan mutanen da suka yi makaranta. In ka ce wa dattijon da bai taɓa riƙe fensir ba ya zana agogo, ya kasa, raunin ƙwaƙwalwa ka gano ko rashin sabo? Ana buƙatar masu jin Hausa da za su gina gwaje-gwaje da ma'auni na mutanenmu. Mu ma na nan muna da gurbi: na'urorin CT da MRI suna son masu gyara, bayanan majinyata suna son masu kwamfuta.

Abin da ya rage gare mu

Cikin ƙoƙon kai ta wajen goshi ba sumul yake ba, yana da tudu da kaifi. Idan kai ya tsaya farat ɗaya a kan kwalta, awarar nan takan bugi gaba, ta koma ta bugi baya, ta gogu da ƙashin. Shi ya sa sashen goshi da na gefen kunne suka fi shan wahala a hatsarin babur, wato dai hali da tunawa. Wani nazari da ya tattara bincike da dama ya nuna hular kwano na rage haɗarin raunin kai da kusan kashi 69 cikin 100, haɗarin mutuwa kuma da kusan kashi 42. Da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa hular a Janairun 2009, har ƙwarya wasu suka riƙa kifawa a ka don su wuce jami'ai. An yi dariya a lokacin. Ni tun abin yayana ban ƙara jin dariyar ba.

Idan wani ya bugu a ka, kada a ja shi ko a lanƙwasa wuyansa. A kai shi asibiti nan take idan ya suma ko da na ɗan lokaci ne, ko yana amai a kai a kai, ko ciwon kan na ƙaruwa, ko barci na rinjayarsa, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, ko ya yi jijjiga, ko wani ɓari ya saki. Kada tashinsa ya ruɗe ku. Akwai zubar jini a cikin kai da ke barin mutum ya miƙe ya yi hira na wasu sa'o'i, sannan ya faɗi. Haka idan bakin dattijo ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta rikice farat ɗaya, asibiti za a nufa a lokacin, ba gobe ba. Addu'a a yi ta a mota ana tafiya.

Idan kuma halin mutum ya sauya bayan faɗuwa, ko sanƙarau, ko zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa, a faɗa wa likita tarihin duka kafin a yanke masa hukunci. Ba kowane mugun hali ne rauni ba, wannan gaskiya ne. Amma wanda ya sauya bayan ya bugu, ya cancanci a duba shi kafin a zage shi.

Mun mayar da yayana asibiti. Hoto ya nuna tabo a ƙasan goshi, dama da hagu. Likitan ya zaunar da Baba da matar yayan ya yi musu bayani, ya ce faɗa ba zai gyara shi ba, tsari ne zai taimaka. Yanzu ba ya karɓar ɗinki da kansa. Ƙaninsa ke karɓa, ya miƙa masa ɗaya, sai ya gama a ba shi na biyu. Kuɗin shago yana hannun matarsa. In ransa ya fara tashi, an koyi a yi shiru a bar masa wurin, ba a biye masa. Hannunsa a kan keke yana nan yadda yake, har yanzu babu mai yanka kaftani kamarsa a layinmu. Bai koma yadda yake a da ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ashar ta ragu, aure bai mutu ba, kuma surukin da ya yi fushi shi ke zuwa ɗaukarsa ranar ganin likita.

Ga tambayoyin bita ga mai son gwada kansa. Ɗaya, me ya sa raunin hagun ƙwaƙwalwa ke shanye damar jiki? Biyu, mene ne bambancin majinyacin Broca da na Wernicke, kuma me bambancin ya tabbatar? Uku, ta yaya H.M. ya koyi zanen tauraro bai san ya koya ba? Huɗu, me ya sa gwajin Stroop ba zai yi aiki a kan wanda bai iya karatu ba? Ku miƙa amsoshinku a ofishin ƙungiya, za mu buga mafi kyau a fitowa ta gaba. Kafin nan, mai babur ya nemi hula. Allah ya tsare mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.